Tagar da Na Yanka wa Babur ɗin Oddvar

Shekara goma sha bakwai ina jan Makara. Haka tsofaffin garinmu suka raɗa wa tirelar da ake ɗaura wa tarakta ranar hawan ruga, wadda ke bin bayan babura tana kwasar waɗanda suka gaza. Ni ce direbarta, don maza kowa babur ɗinsa yake so ya hau, mata kuma sun ce ba za su iya da lanƙwasa goma sha ɗaya da tirela a baya ba. Sunana Gunvor. Shekara talatin na yi ina gyaran injinan kwale-kwale a bakin gaɓa kafin kafaɗata ta ce ta gaji, saboda haka tarakta ba ta ba ni tsoro.

Kowace shekara, Asabar ta farko bayan an kwashe ƙanƙara an buɗe hanyar dutse, tsofaffin nan kan fito da ƙananan baburansu masu feda, waɗanda suka yi tashen samartaka da su, su taru inda jirgin fito ke tsayawa. Daga nan sai rugar awaki can saman dutse, kilomita tara. Lanƙwasa shida na farko inji ke yi. Daga ta bakwai kuwa ba ya iyawa shi kaɗai, sai mutum ya miƙe tsaye ya taka feda ya taimaka masa. Wanda ya kai sama a kan babur ɗinsa, a yi masa tsaga da wuƙa a jikin azarar bukkar ruga, gefen sunansa. Wanda ya gaza, nawa ne.

Mazan da na ɗauka a Makarar nan sun fi talatin, na kuma san fuskarsu. Mutum zai zauna kan buhu gefen babur ɗinsa, ya ba hanya baya, in na miƙa masa gahawa ya ce ba ya sha. Bayan nan ya yi wata guda yana kauce mini a kanti, kai ka ce ni na kashe masa inji. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Abin da na lura da shi kuma, cikin goma da na ɗauka da ƙyar biyu ke sake fitowa wata shekarar.

Mijina Oddvar bai taɓa hawa Makara ba. Tsagarsa arba'in cif a azarar nan, ba giɓi ko ɗaya, kuma duk garin shi kaɗai ne haka. Shi ya kafa ƙungiyar masu hawan, shi ya rubuta dokarta da fenti a jikin allo: babur ya hau yadda ya fito daga kamfani, ba ƙari ba ragi. Shekara goma sha tara da suka wuce ya kama abokinsa Reidar da kafireto mai faɗin baki, ya hana shi lambar shiga hawa a gaban kowa, Reidar ya koma gida yana tura babur. Har yau layin Reidar a azara da giɓi ɗaya a tsakiya. Yanzu kuma Reidar ɗin ne mai duba babura.

A watan Oktoba Oddvar yana jera itace sai na ga ya zauna a ƙasa yana kallon ƙafarsa ta hagu kamar ba tasa ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafar ce ta dawo rabi, yana tafiya yana janta. Likita ta ce zai iya hawa babur in dai a zaune ne, amma taka feda a kan tudu, wannan kam ya manta da shi.

Ba ƙafar ce ta fi damuna ba. Oddvar mutum ne mai “baɗi”. Shekara arba'in da shida ina fama da baɗinsa: baɗi zai yi wa rumfa fenti, baɗi za mu je ganin ƙanwarsa a arewa, baɗi zai gyara matakalar da ke neman karya ni. Na sha gaya masa baɗin nan naka ne ajalina. To hunturun nan kaf ban ji kalmar a bakinsa ba. Ya zauna bakin taga yana kallon jirgin fito yana zuwa yana komawa. In na ce ci, ya ci. In na tsokane shi don ya rama, ya ce “to.” Mutumin da in na ce za a yi ruwa sai ya ce rana za a yi! Na rasa abokin faɗa, kuma ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka a ɗakin wanki ba sau ɗaya ba.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, wata safiya muna karin kumallo ya ce, “Gunvor, ki kira Halvard. Ya daɗe yana son babur ɗin nan. Ya zo ya ɗauka.”

Na ajiye wuƙar cuku. “Ya ɗauka ya kai ina?”

“Gidansa mana.”

“Kai kuma fa?”

“Ni kuma me? Ƙafa ɗaya ba ta hawa ta bakwai. So kike ki loda ni a Makararki, ki miƙo mini gahawa?”

“Allah ya kiyaye. Ko ka roƙe ni ba zan ɗauke ka ba, nauyi gare ka.”

Ko murmushi bai yi ba. Ya tashi ya ja ƙafarsa ya koma bakin taga.

'Yarmu Turid ta bugo daga birni, ita ma ta goyi bayansa. “Mama, ki bar Baba ya huta, shekararsa saba'in da huɗu fa.” Na ce mata hutun da yake yi tun Oktoba shi ke cinye shi. Ta ce taurin kaina ya yi yawa. Na ce ai a wurina ta gada, na kashe wayar. Halvard kuwa ban kira shi ba.

Ranar na shiga rumfa na yaye bargon da ke kan babur ɗin. Shuɗi ne, Oddvar yana ɗan shekara goma sha shida ya saye shi, kuma duk zamanmu bai taɓa bari na ɗora masa sifana ba, ni da ba masuncin gaɓar nan da ban gyara wa inji ba.

Akwai abin da na sha gaya wa tsofaffin nan ina zuba musu gahawa, ba su taɓa saurara ba. Ba tudu kaɗai ke kashe musu inji ba, shaƙewa ce. Inji da iska da mai yake rayuwa, kowane da ma'auninsa. Kamfani da gangan ya matse wa babur ɗin maƙogwaro don kada yara su yi gudu da shi, duk iskar ta wata 'yar roba take shiga akwatin matatar iska, ramin bai fi yatsana ba. A bakin teku wannan ya isa. Amma kana hawa iska na raguwa, mai kuwa yana nan yadda yake, sai inji ya riƙa shan mai fiye da numfashi, ya yi ta kakari yana hayaƙi. Su kuma a bakin gaɓa suke saita kafiretonsu, su ji kukan ya yi musu daɗi, su ce shi ke nan. In na yi magana sai Reidar ya ce, “Wannan fa ba kwale-kwale ba ne, Gunvor.”

Dabarar daga murhunmu na itace na same ta. Kowa ya san 'yar ƙofar iskar da ke gabansa: ka rufe wuta ta kwanta, ka buɗe ta tashi. Na kwance akwatin matatar, na kafa shi a kan benci, na yanka masa taga a gefe mai faɗin yatsa uku, ta wajen matatar don kada ƙura ta shiga inji. Na gama, ɗan ƙarfen ya faɗo ƙasa. Murfin tagar da gwangwanin kifin da muka ci jiya na yi shi, na daddale shi, na goge bakinsa, na yi masa hanyar da zai riƙa zamewa. Na ciro wayar birki daga tsohon keken Turid na haɗa murfin da wani ɗan madanni a ƙarƙashin hannun babur na hagu, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Na shafa wa madannin jan fentin kwale-kwale.

In iska ta ƙaru dole mai ya ƙaru, in ba haka ba inji ya yi zafi ya buga. Don haka na cire jet ɗin kafireto, ɗan ƙaramin abin tagullar da ke auna mai, na sa wanda raminsa ya ɗan fi faɗi. Salansa kuma na ƙone baƙin hayaƙin da ya toshe ta, wannan kam ko dokar Oddvar ba ta hana ba.

Saura gwaji. Hanyar dutse a rufe take da shinge a lanƙwasa ta huɗu, iyakar inda zan iya kaiwa ke nan. Safiya shida, da zarar motar asibiti ta tafi da Oddvar motsa ƙafa, sai in kifa hular kwanonsa in hau. Tsohuwa 'yar saba'in a kan ɗan babur, maƙwabta suka sha kallo ta labule, ni kuwa ko a jikina. In na kai shinge sai in kashe inji totur na buɗe, in ciro filogi in duba. In baƙi ne, mai ya yi yawa. In fari ne, iska ta yi yawa, inji na neman mutuwa. Abin nema shi ne launin cukun awakinmu, ruwan ƙasa. A ta huɗu, taga a buɗe, launin ya ɗan fi cuku haske. Na ce a raina, to a ta takwas zai yi daidai. Amma lissafi ne kawai, ban gani da idona ba.

Rana ta bakwai motar asibiti ta dawo da wuri. Ina saukowa da taga a buɗe, babur na kuka kamar maraƙin da aka raba da uwa, na tarar da Oddvar tsaye a ƙofar rumfa.

“Me kika yi masa?”

“Na buɗe masa maƙogwaro.”

Ya dafa bango ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Rubutun gwangwanin na nan a jikin murfin, ya karanta a hankali. “Kifi da tumatir.” Ya ɗago. “Gunvor, kin yanka.”

“Na yanka.”

“Shekara hamsin da takwas ko ƙwarzane ban bari ya yi ba!”

“Shekara hamsin da takwas kana shaƙe shi, bawan Allah.”

“Ni na rubuta dokar nan da hannuna! Na kori Reidar a kan abin da bai kai wannan ba! Da wane ido zan kalli mutane?”

“Da idon da za ka kalle su daga cikin Makara, in ka fi son haka.”

Ya daki benci har sifanu suka zube. Tun Oktoba ban ji ya ɗaga murya ba. Wani daɗi ya ratsa ni har ƙafa, na ce bari in ƙara wa wutar itace.

“Mayar mini da jet ɗina!”

“Yana teku.”

“Ƙarya kike!”

“Je ka tambayi kifi.”

Ba ƙarya ba ce. Daga kan gadar jirgi na jefa shi, don na san halin mutumina. Sabo kuwa sai an yi oda, mako uku kafin ya zo, hawa kuma saura kwana tara. Kwana biyu bai yi mini magana ba, amma wannan shirun daban ne, shiru ne mai buga ƙofa da ture kujera. A rana ta uku na leƙa rumfa na gan shi yana goge tanki da tsumma.

Ranar hawa babura ashirin da uku suka jeru a bakin gaɓa. Na loda butocin gahawa da kwandunan waina da cuku a Makara, na zo na tsaya. Reidar na bin layi da lambobi a hannu, sanye da jar rigar ulu da matarsa ta saƙa masa, yana ƙwanƙwasa nan yana leƙa can. Da ya iso kan na Oddvar sai ya tsaya cak. Ya bi wayar da yatsa tun daga madanni har taga. Ya danna, murfi ya zame. Ya saki, ya rufe. Fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

“Tirƙashi! Jama'a, ku zo ku ga! Yadda ya fito daga kamfani! Wane kamfanin, Oddvar? Na gwangwanin kifi?”

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Oddvar suka yi ja. Na ture mutum biyu na shiga tsakiya.

“Ni na yanka, ba shi ba. Da rana tsaka na yanka, na kuma shafa jan fenti don ko makaho ya gani. Kai naka kafireton ai da baƙin mai ka damalmale shi don kada a gane, ko ka manta?”

Dariyar ta koma kansa. Ya haɗe rai. “Ba lamba.”

“Riƙe lambarka ka jiƙa ka sha. Hanya ta gwamnati ce, ba gadon gidanku ba ce. Ƙafar mutum ta mutu rabi, kuna so ya taka feda da me, da haƙori?”

“Yi shiru, Gunvor.” Oddvar ne, kuma a hankali ya faɗa. Ya juya wurin Reidar. “Kana da gaskiya. Amma in tagar na rufe, ta inda kamfani ya ba shi yake shaƙar iska. Ba zan taɓa madannin ba.”

Reidar ya kalle shi, ya kalli ƙafar. Ya san ba za ta iya ba, kowa a wurin ya sani. Sai ya kama bakin hannun rigarsa ya zaro jan zare, ya tsinka da haƙori, ya ɗaure madannin da hannun babur, ƙulli uku.

“In ka iso da zaren nan lafiya, ni da hannuna zan yi maka tsaga ta arba'in da ɗaya. In ya tsinke, ba tsaga. Kai ma ka ɗanɗana giɓi ka ji.” Ya rataya masa lamba.

Na jawo Oddvar gefe. “Kai, tsoho, ka saurare ni. Da jet ɗin da na sa, in tagar na rufe, ta tara ma ba za ka gani ba. Mai zai shaƙe shi tun kafin nan.”

“Da kin yi wannan tunanin kafin ki ciyar da kifi,” ya ce, ya kifa hularsa.

Aka tashi. Na bari hayaƙinsu ya lafa sannan na bi baya kamar kullum. Lanƙwasa ta ɗaya, ta biyu, muka wuce inda ruwa ke zubowa daga dutse yana jiƙa hanya. Oddvar na tsakiyar ayari, bayansa a miƙe. A ta biyar na fara jin kukan injinsa ya yi nauyi, ni kaɗai zan iya ware shi cikin ashirin da uku. A ta shida ya koma baya. A ta bakwai, inda ƙanƙara ke tsaye gefen hanya har kafaɗa, duk suka miƙe kan feda, shi kaɗai a zaune, ya zama na ƙarshe.

A nan na tarar da Halvard gefen hanya, sarƙarsa ta tsinke. Na sauke katako muka tura babur ɗinsa ciki, ya zauna kan buhu ya ba hanya baya. Ko gahawa ban yi masa tayi ba, na koma kan sitiyari na taka.

Na cim ma Oddvar bayan ta takwas. Hayaƙi baƙi ke fita daga salansa, injin na yi bul-bul-bul kamar tukunyar da aka cika wa ruwa. Mai tafiya a ƙasa zai wuce shi. Na ga ya kama hannuwan babur da ƙarfi, ya yunƙura ya miƙe. Ta dama ta taka. Ta hagu ta zame daga feda ta rataye, babur ya karkata wajen dutse, ya komo da ƙyar. Ya sake miƙewa, ta sake zamewa.

Ni na jawo wannan. Da tsohon jet ɗinsa ne wataƙila da ya ƙara lanƙwasa ɗaya da mutuncinsa. In kuma ya danna, lissafina ya zama ba daidai ba, inji ya buga a gaban jama'a, to na kashe masa babur na kuma sa ya karya dokarsa a banza. Ƙa'ida ita ce, da zarar ƙafar mutum ta taɓa ƙasa injinsa ya mutu, in tsaya in sauke katako. Shekara goma sha bakwai ban taɓa saɓawa ba.

Na danna ham na ƙi saki. Na banka ƙofar tarakta na leƙo rabin jikina waje.

“Oddvar! Ba zan tsaya ba! Ka ji ko? In ka sauka, na rantse ta gefenka zan wuce, ka tako sama da ƙafarka ɗaya da rabi! Danna abin nan!”

“Haba, Gunvor, ki ji tsoron Allah,” in ji Halvard daga baya.

“Kai kuma gawa ba ta magana! Oddvar! Zare ne fa! Zaren rigar Reidar! Danna!”

Lanƙwasa ta tara na gabansa, taku ashirin. Babur na rawa, ƙafarsa ta dama ta sauko daga feda tana neman ƙasa, saura kaɗan takalmin ya taɓa kwalta. Ya waiwayo sau ɗaya. Ban san abin da ya gani ba, ko ni, ko Halvard a kan buhu da bayansa a tanƙware. Ya juya. Na ga kafaɗarsa ta hagu ta motsa.

Injin ya yi tari biyu, ya tofar da wani dunƙulen hayaƙi, sannan ya buɗe baki. Wayyo, wannan kuka! Duwatsu suka amsa. Hayaƙin ya washe ya koma shuɗi siriri, babur ya miƙe, ƙafar ta koma kan feda. Ya shiga ta tara a zaune, ya fita a zaune, yana ƙara nisa da ni. Na tsinci kaina ina dukan sitiyari ina ihu kamar mahaukaciya, Halvard kuma ya juyo ya kama ƙarfen tirela yana kallo baki buɗe.

Daga ƙasa ana hango sauran hanyar. Kafin ta goma ya wuce mutum biyu da ke tsaye kan feda suna haki. A ta goma sha ɗaya na hango jar rigar Reidar tana lilo hagu da dama, shuɗin babur ya zo ya wuce ta a natse. Ko kallonsa Oddvar bai yi ba.

Da na iso ruga yana zaune kan dutse, hula a gefe, gashinsa a jiƙe. Ban je wurinsa ba. Na ɗauki sifanar filogi da tsumma na tsuguna gaban babur, na ciro filogin yana ƙona mini yatsu, na ɗaga shi a rana. Ruwan ƙasa. Na ɗauko yankin cuku daga kwando na jera su, ba ka bambance su. Na kai wa Reidar har gaban hancinsa.

“Ga kwale-kwale,” na ce.

Har yanzu numfashi yake nema.

Bayan an sha gahawa aka shiga bukka. Reidar ya zaro wuƙa yana kiran suna yana tsagawa. Da ya zo layin Oddvar, mai tsaga arba'in a jere, sai ya tsaya. Guntun jan zaren na hannunsa. Shekara goma sha tara yana jiran ranar nan, amma ban ga daɗi a fuskarsa ba.

“Yi masa mana, Reidar,” in ji Halvard daga bakin ƙofa. “A kan babur ɗinsa ya iso. Ni na gani.”

Wasu suka ce haka ne. Reidar ya juya wuƙar a hannu, ya ɗora bakinta a kan azara.

“A'a,” in ji Oddvar. “Zare ya tsinke. Ni na rubuta dokar, ba kuma a kaina za a fara lanƙwasa ta ba. Wuce na gaba.”

Raina ya ɓaci. Na yunƙura zan ƙwace wuƙar in yi tsagar da kaina, in ga mai hana ni. Oddvar ya riƙe mini wuyan hannu, da hannun hagun nan, riƙo mai ƙarfi har na ji zafi. Na ce musu su riƙe azararsu su yi miya da ita, na fice.

Ya biyo ni yana jan ƙafa, ya zauna kusa da ni a kan katakon Makara, ta waje, ƙafafunsa a ƙasa. Na yanka masa cuku a kan waina. Layinsa da ya gina shekara arba'in na ɓata masa shi, ina jira ya faɗa. Ya ci rabi, yana kallon babur ɗin.

“Murfin nan naki karkarwa yake yi,” ya ce. “Tun daga ta goma yake damuna da ƙara. Aikin ganganci. Baɗi ki yi shi da tagulla.”

Butar gahawa na hannuna. “Me ka ce?”

“Kin kurumce ne? Ihun da kika yi ta yi ne ya toshe miki kunne. Na ce baɗi da tagulla za ki yi shi, ki kuma ƙara wa tagar yatsa ɗaya.”

“Yatsa ɗaya zai ƙona maka fistin, kai da ba ka san komai ba.”

“Ba zai ƙona ba.”

“Zai ƙona. Kuma kafin baɗin ka fara gyara mini matakala.”

“Baɗi,” ya ce, ya miƙo kofi.

Na zuba masa, rabi a kofi rabi a kan wandonsa, don idona ya cika ba na gani sosai. Ya yi ta masifa, na bar shi ya yi.